Linux ma yana da kafili, ku daina yi mana wa'azin 'yanci

Tun da aka fara maganar satifiket ɗin nan na Microsoft na 2011, makullin da ake sa wa manhajojin tada kwamfuta hannu da shi har da na Linux, wanda wa'adinsa ke cika a watan Yunin 2026 nake kasa kunne in ji 'yan Linux ɗinmu sun ɗaga murya, shiru kake ji. Abin da kawai ake ta maimaitawa shi ne ai ba komai, an riga an fitar da sabo na 2023, kowa ya sabunta, khalas. Ranar nan bayan isha'i muna zaune a majalisarmu nan Jidda ana shan shayi na tayar da zancen, sai ɗan ƙanwata da ke karatun kwamfuta ya dube ni ya ce, "Kawu, kai fa kana son tada jijiyar wuya a kan abin da bai kai ya kawo ba, Linux a buɗe yake, in ba ka son yadda suka yi ai sai ka ɗauki kod ɗin ka yi naka." Na ce masa to ɗana, Allah ya yi maka albarka, amma wannan magana taka ita ce ƙaryar da ta fi kowace daɗin ji a wannan harka, kuma ba kai ka fara yin ta ba, haddace ta ka yi kamar yadda dubbai suka haddace.

Bari in fara cire wa mutane tsoro don kar a ce ina baza jita-jita. Ranar da wa'adin ya cika kwamfutarka ba za ta mutu ba, abin da aka riga aka sa wa hannu zai ci gaba da tashi. Mushkilar tana gaba, ranar da aka fara sa wa sababbin manhajojin tashi hannu da sabon makulli kaɗai, injin da bayos ɗinsa, wato manhajar da ke dashe a cikinsa mai fara tada shi, bai san sabon makullin ba zai dubi Linux ya ce ban san ka ba. Wa ke da irin wannan injin? Mu ne. Mu da ke sayen laftof ɗin da wani kamfani ya gama mora a kasuwar gwanjo ta Haraj Sawarikh, ko a shagunan kwamfuta na titin Khalid bin Walid, mu goge shi mu sa masa Linux mu ba yara su yi karatu, ko mu cusa a kayan alhazai a kai Kano ko Zinder. Injinan da masu ƙera su suka daina tura musu gyaran bayos tun tuni. Ga shi Windows 10 an daina kula da shi tun 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma ya ce sai injin da ke da ɗan guntun tsaron nan TPM 2.0, ke nan tulin kwamfutocin da Linux ne kaɗai mafitarsu kullum ƙaruwa yake, kuma ƙofar da za su bi su shiga Linux ɗin makullinta yana aljihun wanda ya kore su.

Mu da ke zaune a ƙasar nan ba ma buƙatar a yi mana dogon sharhi kan ma'anar kafili. Kana da fasfo, kana da iƙama, kana da kuɗin tikiti, amma shekara da shekaru in mutum ɗaya bai sa hannu ba babu inda za ka. To haka Secure Boot yake, tsarin da ke hana kwamfuta tada duk manhajar da ba a sa mata hannu da makullin da ta sani ba. Tun zamanin Windows 8 a 2012 Microsoft ya wajabta wa masu ƙera kwamfuta su kunna shi in suna son tambarinsa, kuma makullan da kusan duk injin ke zuwa da su na Microsoft ne. Me 'yan Linux suka yi? Matthew Garrett ya rubuta wata 'yar ƙaramar manhaja ana ce mata shim, ana kai ta Microsoft ya sa mata hannu, ita kuma ta buɗe wa manhajar tashi ta GRUB ƙofa, GRUB ya tada Linux. Manyan rabe-raben Linux haka suke yi: Ubuntu haka, Fedora haka, Debian haka. Wato manhajar da ake mana tutiya da ita cewa ba ta da ubangida, numfashinta na farko da safe da sa hannun wani take shaƙa. Abin dariyar ma, kafalar mutane an sassauta ta tun Maris na 2021, ma'aikatan kamfanoni da yawa suna neman bizar fita da dawowa da kansu ta Absher, amma ta kwamfuta sai ƙara ɗaurewa take, har a 2022 aka ga wasu sababbin laftof na Lenovo suna zuwa da makullin da ke ba Linux damar tashi a kashe, sai ka shiga bayos da kanka ka kunna.

Kuma ba hasashe nake ba, an gani a ƙasa. Watan Agustan 2024 wani sabuntawar Windows ya sauka a kwamfutocin da ke ɗauke da Windows da Linux tare, aka wayi gari Linux ya ƙi tashi, sai wani rubutu a baƙin allo yana cewa an saɓa ƙa'idar tsaro. Microsoft ya ce ai ba a nufi masu tsari biyu ba, kuskure ne wajen gane su, niyyar ita ce a toshe tsofaffin manhajojin tashi masu ɓaraka. Na yarda kuskure ne, ban ce da gangan ba ne. Amma ka tsaya ka yi tunani, wane irin 'yanci ne wannan da kuskuren maƙwabci ke iya kulle ka a waje da gidanka, kuma sai an yi watanni kafin ya kawo cikakken gyara? Ko ɓangaren faifan da ake ajiye kayan tashin ma, wanda UEFI, wato bayos na zamani, ya tanada, da tsarin FAT ake tsara shi, tsohon tsarin Microsoft. UEFI ɗin kansa a gidan Intel aka haife shi. Babu inda aka tambayi mai shago a Karantina ra'ayinsa.

Masu cewa ai tsaro ne, ƙwayoyin cuta na iya maƙalewa tun kafin manhaja ta tashi, eh mun ji, ba wanda ya ce a kwana ƙofa a buɗe, tambayar ita ce don me makullin gidana yake hannun mai gidan da ke kallon nawa.

Amma gaskiya ba Microsoft ne ya fi ba ni haushi ba, shi ai kasuwancinsa yake, ba ya ɓoyewa. Waɗanda suka fi ci mini tuwo a ƙwarya su ne na cikin gida, masu rawanin 'yanci a ka da takardar albashi a aljihu. A nan ne maganar "ka yi naka" take rushewa gaba ɗaya.

Ɗauki maganar jeren foldoji. Duk wanda ya taɓa leƙa cikin Linux ya san akwai /bin, akwai /sbin, akwai /lib, sannan akwai /usr da ke da irin waɗannan a cikinsa. Asalin wannan rabo ba wata hikima ba ce daga sama, Ken Thompson da Dennis Ritchie ne a farkon shekarun 1970 faifansu na injin PDP-11 ya cika, 'yan megabayit kaɗan ne, suka kwashe ragowar kaya suka zuba a faifai na biyu inda foldojin masu amfani suke. Na san wannan labari, masu kare kamfanin Linux ɗin nan Red Hat ba sa gajiya da ba da shi, kamar wanda ya kama ɓarawo. To amma ai abu yakan fara da larura ya zama amfani. Shekaru arba'in masu kula da injina suna cin moriyar wannan rabo: 'yan kayan gyara suna zaune a tushe, ko da /usr ya lalace ko ya ƙi hawa kana da abin da za ka riƙe ka ceto injin. Sai a 2012 Fedora 17, wato gonar gwajin Red Hat, ya ce a tattara komai a zuba cikin /usr, /bin ya koma alama kawai mai nuna hanya. Solaris na kamfanin Sun, wanda ya koma hannun Oracle, shi aka kafa hujja da shi. Arch ya bi. Debian ya yi ta jan ƙafa shekara da shekaru ana rigima, mai kula da dpkg, manhajar da Debian ke girka kaya da ita, bai yarda da hanyar da aka bi ba, har sai da kwamitin fasaha ya hana matsar da fayiloli na wani lokaci saboda gudun kar su ɓace, daga ƙarshe Debian 12 na 2023 ya ce haɗaɗɗen tsarin kaɗai ya sani. A ƙarshen shekarar systemd 255, mai tada ayyuka a yawancin Linux, ya fito ya ce shi ma ya daina tallafa wa wanda bai haɗa ba. Fedora 42 a 2025 ya ƙara gaba ya narkar da /usr/sbin cikin /usr/bin.

Wa wannan ya yi wa rana? Ba a ɓoye ba, su da kansu sun faɗa: in duk manhajar tana folda ɗaya sai ka mai da ita dunƙule guda, ka kulle ta ba mai rubutu a ciki, ka ɗauki hotonta, ka raba wa saba, wato manyan kwamfutocin kamfanoni, dubu goma a lokaci ɗaya. Wannan buƙatar banki ce, buƙatar kamfanin waya ce, buƙatar masu manyan ɗakunan saba da ke biyan Red Hat kuɗin shekara. Buƙata ce ta gaskiya, ban raina ta ba. Abin da na ƙi shi ne a ɗauki buƙatar mai saba dubu goma a ɗora wa mai laftof ɗaya, sannan a ce masa ai al'umma ce ta yanke. Wace al'umma? Akwai takardar ƙa'idar jeren foldoji da ake ce wa FHS, fitowarta ta 3.0 tun 2015, ta zauna tana shan ƙura yayin da ainihin hukuncin ake yanke shi a inda masu albashi suke.

Toh sai uwa uba, systemd. Lennart Poettering na Red Hat da Kay Sievers suka fara shi a 2010, Fedora 15 ya ɗauka a 2011. Da farko cewa aka yi manhajar tada ayyuka ce, ta fi tsohon tsari sauri, kuma gaskiya ta fi, duk wanda ya taɓa fama da waɗancan dogayen rubuce-rubucen tashi na da ba zai yi kewarsu sosai ba. Amma raƙumi da ya sa kai a bukka ai ba ya tsayawa a wuya. A 2012 aka haɗe udev, mai kula da na'urorin da ka jona, cikin gidan systemd. Rajistar abubuwan da ke faruwa ta koma hannunsa, shigar mai amfani ta koma hannunsa ta logind, teburin GNOME ya jingina da logind ɗin, sai ga shi in kana son teburin da mafi yawan mutane ke amfani da shi kusan dole ka haɗiye sauran. Yau akwai ɓangarensa na agogo, na intanet, na sunayen adireshi, na foldar gida, har da nasa manhajar tashi, systemd-boot. Ba wanda ya sa wa kowa bindiga, haka ne. Mai rijiya ɗaya a unguwa ma ba ya sa wa kowa bindiga.

A duba yadda Debian ya yanke hukunci a Fabrairun 2014, Debian ɗin da ake ce masa jamhuriyar masu sa kai. Kwamitin fasaha ya rabu huɗu da huɗu, sai shugabansa Bdale Garbee ya jefa ƙuri'ar raba gardama ga systemd. Kuma zaɓin tsakanin me da me ne? Tsakanin systemd na Red Hat da Upstart na Canonical, kamfanin da ke yin Ubuntu. Giwa biyu, mu ciyawa. Da Upstart ya faɗi Mark Shuttleworth ya ce Ubuntu ma zai bi, kuma ya bi a 2015. Shi ke nan kasuwa ta watse. Waɗanda suka ƙi suka ɓalle suka kafa Devuan, wato Debian maras systemd, a ƙarshen 2014, sai 2017 suka iya fitar da cikakken na farko. Ka ji amsar "ka yi naka" ke nan, ɗana: gogaggun mutane da suka shekara ashirin a harkar, sama da shekara biyu suna tsintar ƙaya ɗaya bayan ɗaya don kawai su cire abu guda, kuma har gobe kullum sai sun bi bayan masu albashi suna ɗinke abin da aka yage. Kai da ke tashi asuba ka tafi aiki ka dawo bayan magariba a gajiye, yaushe za ka yi naka? Kod a buɗe yake kamar yadda teku take a buɗe a bakin Korniche, ga ta nan, ka shiga ka yi iyo zuwa Port Sudan mana.

Wasu za su ce Red Hat ai shi ke biyan masu rubutun, wanda ya biya mai kiɗa shi ake yi wa waƙa. Madalla, haka nake so a riƙa faɗa a fili, sai a daina kiran wasan na gayya.

Kuma a tuna wane ne Red Hat a yau. IBM ya saye shi a 2019 a kan dala biliyan 34. Ba a ɗau lokaci ba, Disamban 2020 aka sanar da kashe CentOS, kwafin Linux ɗin Red Hat, yadda aka san shi, wanda makarantu da ƙananan kamfanoni suka dogara da shi kyauta, aka yanke rayuwar CentOS 8 a ƙarshen 2021 alhali da 2029 aka sa masa. Yunin 2023 kuma aka daina baza kod ɗin RHEL, Linux ɗin da Red Hat ke sayarwa, a fili yadda aka saba, ya koma ta ƙofar kwastomomi. Su Rocky da AlmaLinux, da suka gaji CentOS, suka shiga neman hanyar rayuwa. Wannan kamfani shi ne ake so in yarda cewa duk abin da ya tsara wa foldojina da tashin injina don Allah ya yi. Shi kuwa Poettering a 2022 ya tattara ya koma Microsoft, ya ci gaba da aikin systemd daga can, yana ta rubuce-rubuce kan yadda ya kamata a ɗaure tashin Linux da sa hannu da TPM tun daga farko har ƙarshe. Ban zarge shi da komai ba, haziƙi ne, kowa da inda abincinsa yake, mu ma ai abinci ne ya kawo iyayenmu ƙasar nan ko ya riƙe su bayan hajji. Amma kar a ce mini wai ni ne mai mugun zato don na lura cewa mai makullin ƙofa da mai tsara cikin ɗaki sun zauna a inuwa ɗaya.

Canonical ma ba a bar shi a baya ba, shi nasa salon ya fi rashin kunya. Ya ƙirƙiro snap, nasa salon ƙunshe manhajoji, ya dasa /snap a tushe inda ƙa'ida ba ta san da shi ba, ya dasa wata foldar snap a tsakar gidan mai amfani, kantin da ake saukar da kayan kuma nasa ne shi kaɗai, kod ɗin sabarsa a rufe. Ka ce a sa maka Firefox ta hanyar da ka saba, a kawo maka na snap. Linux Mint ne ya yi ta maza a 2020 ya toshe shi. Kuma a Maris na 2024 da aka gano ƙofar ɓoye a cikin xz, manhajar matse fayiloli, ta ina aka so a kai ga sshd, mai ba da damar shiga inji daga nesa? Ta igiyar da wasu rabe-raben Linux suka ɗaura tsakaninsa da laburaren systemd. Injiniyan Microsoft ne ma ya gano ta, Andres Freund, Allah ya saka masa, amma darasin yana nan: in ka ɗaure komai da komai, wuta ta kama zana ɗaya ta isa rumbu. Shi kuma xz ɗin, da duniya duka ke hawa kansa, mutum ɗaya ne mai sa kai yake ɗauke da shi ya gaji, kamfanonin da ke da kuɗin sake fasalin foldojinmu ba su ga dalilin tallafa masa ba.

Masu cewa talaka ai bai damu da /usr ba, shi dai Chrome ya buɗe, su ne dai masu cewa bai damu da wa ya riƙe fasfonsa ba muddin albashi na shiga.

Me za a yi? Ba ni da wani dogon shiri, kuma ba aikina ba ne. Makulli dai ya kamata ya dawo hannun mai injin, a wajabta wa masu ƙera kwamfuta su bar hanya mai sauƙi ta sa naka makullin ko kashe nasu, kuma sa hannun kayan tashi ya koma wata hukuma da ba ta sayar da Windows. Ƙasashen da ke zuba biliyoyi a harkar fasaha, ciki har da wadda muke zaune, in da gaske suke da maganar mallakar bayanansu to su fara daga nan, su ɗauki nauyin masu rubuta waɗannan ginshiƙai maimakon sayen lasisi kawai. Mu kuma 'yan ƙasa-ƙasa aƙalla mu daina raina waɗanda suka ƙi bin ayari. Slackware na nan tun 1993, Alpine da Gentoo suna tafiya da OpenRC a madadin systemd, Void da runit, antiX na tada injinan da aka yanke musu ƙauna, Devuan bai mutu ba duk da dariyar da aka yi masa. Jami'o'inmu na gida, Kano ne ko Sakkwato ko Yamai, su koya wa yara fiye da hanya ɗaya ta tada inji.

Ɗan ƙanwar tawa dai bai gamsu ba, ya ce, "Kawu, duk wannan tarihin naka ai a bayos kawai za ka shiga ka kashe Secure Boot, minti ɗaya." Na ce tayyib, ɗauko wancan laftof ɗin da na sayo a haraj makon jiya riyal ɗari uku, ka kashe mini. Ya kunna, ya danna maɓallin shiga bayos, sai ga akwatin neman kalmar sirri, kamfanin da ya yi amfani da shi a da ya kulle bai buɗe ba kafin ya zubar, mai shagon da ya sayar mini ma bai san da zancen ba. Ya gwada sifili huɗu, ya gwada ɗaya zuwa shida, injin ya yi ƙara ya mutu. Ya ce bari ya tafi da shi gida, akwai wani Bafakistane a bayan titin Khalid bin Walid da ke cire ɗan guntun da ke riƙe kalmar ya sake rubuta shi, riyal tamanin in an yi ciniki.